Injin tantance dutse na tafi-da-gidanka: zai rage mini jigilar dutsen banza, ko cinikin biri a sama ne?

Mai Ramin Kuza ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da injin nan mai tantance duwatsu ɗaya bayan ɗaya, irin wanda ake girkawa cikin kwantena ko kan tirela a kai shi har bakin rami. Bayanin masu talla na sha shi har na ƙoshi. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin yana aiki, shi nake so in ji ta bakinsa.

Ga halin da nake ciki. Shekara 6 ke nan ina kula da wani ƙaramin ramin kuza. Kuzar tana cikin jijiyar farin dutse ce, jijiyar kuwa siririya, wani wuri rabin mita, wani wuri ma ba ta kai ba. To amma sai mun buɗe wajen mita 2 kafin katafila ta samu shiga, saboda haka mafi yawan abin da muke kwasowa dutsen gefe ne, babu komai a cikinsa. Kullum muna loda tan 300, sawu 10 na tifa mai ɗaukar tan 30, zuwa inda injin niƙa da wanki yake, tafiyar kilomita 45. Can a niƙe shi gaba ɗaya, a wanke, a fitar da 'yar kuzar da ke ciki, sauran ya zama laka a tura shi tafki. Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin mai, kuɗin taya, wuta da ruwa, duk ina biyansu ne don in niƙa dutsen da tun a bakin rami na san na banza ne.

Mun gwada tsinta da hannu. Mutum 12 na jera a gefen bel. Da safe aikin yana kyau, amma kafin azahar ido ya gaji, ƙura ta rufe duwatsun sun koma kala ɗaya. Ga shi kuma ba kullum kuza ke nunawa a bayan dutse ba. Ranar da na fasa wasu daga cikin waɗanda aka jefar na ga baƙin kuza kwance a tsakiyarsu, ban yi barcin kirki ba.

Bayan wannan akwai wani tsibin tarkace da waɗanda suka riga mu aiki a wurin suka bari. Na ɗebi kaɗan na kai gwaji, akwai kuza a ciki, sai dai ba ta kai a ɗauke shi zuwa kilomita 45 ba.

Tambayata: shin injin nan yana iya raba mini dutsen kuza da na banza tun a bakin rami? Da gaske ana iya ɗaga shi daga wannan rami zuwa wancan, ko sunan ne kawai? Sannan dutsen da ya ware ya jefar, tunda an riga an fasa shi an tankaɗe, zan iya sayar da shi a matsayin tsakuwar gini? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta yi kyau, kuma irin dutsenka yana cikin waɗanda aka fi cin moriyar wannan fasaha a kansu. Amma bari in fara da yadda abin yake aiki, don daga nan ne za ka gane inda zai taimake ka da inda ba ruwansa.

Ana baza duwatsu a kan bel mai gudu, wajen mita 3 a daƙiƙa ɗaya, kowane dutse shi kaɗai, ba wanda ya hau kan wani. Su wuce ta gaban idon injin, kwamfuta ta yanke hukunci a kan kowane ɗaya, sannan daidai lokacin da dutsen ya bar ƙarshen bel yana cikin iska, sai wasu ƙananan bututu da aka jera su fesa masa iska mai ƙarfi, ya kauce ya faɗa wani ɓangare daban. Wanda ba a fesa wa ba ya bi hanyarsa. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido ba.

Idon ne ya bambanta. Akwai na kyamara mai duba launi, akwai na leza, akwai mai jin ƙarfe. Kyamara da leza bayan dutse kawai suke gani, don haka sai an wanke shi tas, kuma matsalar masu tsintarka za ta dawo: abin da ke ciki ba ya fitowa waje. Naka sai wanda ake kira XRT, mai aiki da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken yana ratsa dutsen, kuma gwargwadon nauyin sinadarin da ke ciki, gwargwadon yadda yake tare hasken. Lambar atom, wadda ke nuna nauyin sinadari, ta kuza 50 ce, ta silikon da ya cika farin dutse 14. Wannan tazara ce ta sa ƙwayar kuza ke fitowa a hoton ɓaro-ɓaro ko da ƙura ta rufe dutsen. Injin yana auna hasken a matakin ƙarfi biyu, don kada ya ɗauki kaurin dutse a matsayin nauyin ma'adini.

Kuma ba sabon abu ba ne da za a gwada a kanka. Mahaƙar kuza ta San Rafael a Peru da shi ta koma kan tsofaffin tsibin tarkacenta, irin dai wanda ka ambata. A Mittersill ta ƙasar Austriya da shi ake tantance dutsen ƙarfen tangistin. A Saudiyya ana cire ƙanƙarar dutse daga dutsen fosfet na yin taki da shi. Lu'ulu'un nan mai karat 1,109 da aka samu a Karowe ta Botswana a 2015, wanda aka sa wa suna Lesedi La Rona, wannan ido ne ya gano shi, haka ma mai karat 2,492 da aka samu a wurin a 2024. Kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera shi akwai TOMRA na Norwe da Steinert na Jamus, kuma yanzu akwai wasu da dama daga Sin.

To ga inda gizo ke saƙar. Injin ba ya ƙara wa dutse komai, bambancin da ke tsakanin wannan dutse da wancan kawai yake amfani da shi. In kuzar ta taru a wasu duwatsu, wasu kuma fayau, ka samu. In kuwa ta watsu ne ƙanana-ƙanana a cikin kowane dutse daidai wa daida, ko da injin duniya ka kawo ba abin da zai raba. Jijiya siririya da dutsen gefe mai yawa alama ce mai kyau, amma alama ce kawai.

Na biyu, girman dutse. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mafi girma kada ya wuce ninki 3 na mafi ƙanƙanta. Wato milimita 10 zuwa 30 rukuni ɗaya, 30 zuwa 90 wani rukuni. Ba a haɗa su, don iskar da za ta ture babba za ta kwashe ƙanana biyar da ke kusa da shi. Kuma tan nawa injin zai ci a awa ya danganta da girman dutsen, tunda shimfiɗa ɗaya ce a kan bel: ƙananan duwatsu suna cika bel ɗin amma ba nauyi. Abin da ya gaza milimita 10 kuwa, galibi ba ya biyan wahalar tantancewa.

Bari mu yi lissafi da alƙalumanka, a matsayin misali kawai. A ce cikin tan 300, bayan fasawa, tan 90 ya zama gari. Wannan ba zai shiga injin ba, kuma kada ka kuskura ka zubar da shi, don kuza tana da saurin farfashewa, sau da yawa garin ya fi sauran kuza. Saura tan 210. A ce injin ya jefar da kashi 60 cikin 100, tan 126 ke nan. Abin da za ka ɗauka zuwa niƙa shi ne tan 84 da garin nan tan 90, jimla 174. Sawu 6 maimakon 10. Ribar gaske ce, amma ka ga ba sawu 3 ba ne kamar yadda wani zai iya lissafa maka in ya manta da gari.

Shawarata kada ka sa hannu a kan komai sai an yi gwaji. Masu ƙera injin suna da wuraren gwaji. A fara da duwatsu kamar 100 da ka tsinto daga wurare daban-daban, a ɗauki hoton kowanne, sannan a kai kowanne ɗakin gwaji a ga ko hoton ya dace da abin da ke ciki. In ya yi, sai a aika da mai yawa, ɗaruruwan kilo ko fiye. Kuma don Allah kada ka zaɓo masu kyau. Ɗebo shi yadda katafila ke kwaso shi ranar da aiki ya fi muni.

Mai Kula da Inji ya amsa:

Yallaɓai Injiniya ya gama magana a kan ilimin abin. Ni zan yi magana a kan tambaya ta biyu, don na yi wata 14 ina kwana ina tashi da irin wannan inji a wata mahaƙar dalma.

Malam, kwantenar da kake gani a hoto ita kaɗai ba ta aiki. A gabanta akwai injin fasa dutse, akwai rariya mai hawa biyu ko uku, akwai mai baza dutse a kan bel. A gefenta akwai kwamfuresa, wato injin matsa iska, da na'urar busar da iska, da tankin iska, da janareta. A bayanta akwai bel biyu masu kwashe abin da aka raba, da loda mai ciyar da su duka. Ranar da muka tashi ƙaura daga rami na farko zuwa na biyu, tirela 5 muka yi, kuma kwana 9 muka ɗauka kafin dutse ya sake bi ta kan bel, har da daidaita ƙasa da sake saita idon. Yana ɗaguwa, ba ƙarya ba ne, ya fi ginin da za a kafa da kankare a bar shi nan har abada. Amma ka sa a ranka ƙaurar sau ɗaya ko biyu ce a shekara, ba ta kowane mako ba.

Abin da ya fi ba mu wahala ba idon ba ne, iska ce. Muna aiki da matsin iska tsakanin 6 zuwa 8 a ma'aunin bar, kuma kwamfuresa ta fi injin tantancewar kansa shan mai. Wata rana na'urar busar da iska ta lalace, muka ce bari mu lallaɓa zuwa ƙarshen mako. Ruwa da ɗan mai suka bi bututu suka shiga bawul-bawul ɗin nan ƙanana, wasu suka toshe, wasu suka riƙa buɗewa a makare. Injin yana ta aiki, ƙararsa ba ta canja ba, ashe dutse mai dalma yana ta zuba cikin tsibin banza. Sai bayan kwana 3 da sakamakon gwaji ya dawo muka gane. Laifinmu ne, ba na injin ba. Tun daga ranar, kowace safiya sai na gwada bututun ɗaya bayan ɗaya kafin a saki dutse, kuma kowane awa 2 sai an ɗebi samfuri daga abin da aka jefar.

Akwai kuma dabarar da ban sani ba sai da na shiga: wanda ya fi ƙaranci shi ake fesa wa iska. In na banza ya fi yawa kamar naka, sai ka sa injin ya riƙa harbo mai kuzar, na banzan ya wuce abinsa. Iskar da za ka ƙona ta ragu sosai.

Lokacin ruwa kuma rariya ce ke ba da ciwon kai. Gari mai danshi yana toshe ramukanta, ya manne a jikin duwatsu, ya bi su har kan bel. Eksire bai damu da datti ba, amma bel da bututun iska sun damu. Sai zafi: fitilar eksire da kwamfutar suna son sanyi, in na'urar sanyayawa ta tsaya, injin ya tsaya. Wutar janareta ma dole ta zama tsayayya, ba mai hawa da sauka ba.

Ka fara neman lasisin amfani da eksire da wuri daga hukumar da ke kula da wannan a inda kake, don takardun suna ɗaukar lokaci. Ma'aikatanka za su ji tsoro da farko, namu ma sun ji. Ka yi musu bayani cewa akwatin a rufe yake da kariya, in an buɗe ƙofa yana kashe kansa, kuma fitilar ba ta fitar da komai in ba wuta. Sai dai kada ka yarda kowa ya taɓa makullin tsaron nan don a yi sauri.

Mai Ramin Kuza ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Injiniya, na gode ɗan'uwa. Maganar gari ta tsaya mini a rai, don ban taɓa auna nawa ne ke zama gari a wurinmu ba, kuma da ido na san yana da yawa. Gobe in sha Allahu zan sa a tankaɗe lodin tifa ɗaya cur a auna kowane rukuni.

Wani abu da ban faɗa ba: mutanen nan 12 masu tsinta suna raina. Wasunsu tun farkon aikin muke tare. Ɗan'uwa mai kula da inji, ku yaya kuka yi da naku? Sannan har yanzu ina jiran mai amsa mini maganar tsakuwa, don a lissafina ita ce za ta biya kuɗin man kwamfuresar nan.

Mai Kula da Inji ya amsa:

Namu 8 ne. Biyar sun zauna: biyu a ɗibar samfuri, ɗaya a rariya, biyu suna cire katako, waya da guntun ƙarfe daga bel kafin su isa injin, musamman da muka koma kan tsohon tsibi, wanda ke cike da irin wannan shara. Ɗaya daga cikinsu yanzu shi ke saita injin in ba na nan, don ya fi kowa sanin dutsen. Ukun da suka rage an sallame su, kuma har yau abin yana damuna.

'Yar Ɗakin Gwaji ta amsa:

Malam, maganar tsakuwa ce ta sa na shigo, don aikina ke nan, gwajin kayan kankare. Ina roƙonka kada ka sayar da ko tifa ɗaya ga mai gini sai an gwada.

Dalili shi ne jijiyar kuza sau da yawa tana tafiya da ma'adinai masu sulfa, irin su fairait, wannan mai ƙyalli kamar zinariya, da 'yan'uwansa, har da mai ɗauke da gubar asenik. In suka shiga kankare, iska da danshi suna cin su a hankali, su yi tsatsa, su fitar da sinadarin da ke kumbura siminti daga ciki. Ba a wata ɗaya abin yake nunawa ba, sai bayan shekaru bango ya fara tsagewa.

An riga an ga wannan, kuma da tarkacen kuza. A yankin Kwanwal na Ingila, a farkon rabin ƙarni na 20, an yi ta buga bulo da tarkacen mahaƙan kuza da tagulla saboda yana nan zube kusa. Daga baya gidaje da yawa suka fara ruɓewa daga ciki, har matsalar ta samu suna, mundic, kalmar da mutanen yankin ke kiran fairait da ita. Har yanzu mai sayen tsohon gida a can yakan sa a gwada bulon tukuna. A jihar Konetikat ta Amurka da garin Trois-Rivières na Kanada ma, tsakuwa mai ɗauke da firotait, wani ɗan'uwan fairait, ta lalata harsashin gidaje masu yawa. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta tsakuwar kankare, EN 12620, ta ce jimlar sulfa kada ta wuce kashi 1 cikin 100, in kuma akwai firotait, kada ta wuce 0.1.

Injin naka zai taimaka ta wani gefe. Ma'adinan nan masu ƙarfe sun fi farin dutse tare hasken eksire, saboda haka dutsen da suka taru a cikinsa galibi zai bi ɓangaren kuza, na banzan ya fita da tsabta fiye da yadda ya shiga.  Amma ƙwayoyin da suka yi ƙanƙanta suka watsu a jikin dutse suna iya wucewa ba a gansu ba.

Tunda za ka aika samfuri gwaji, ka ce a dawo maka da abin da injin ya jefar, kada a zubar. A auna sulfa da asenik a ciki, masanin duwatsu ya duba shi a madubin ƙara girma, a yi gwajin ƙarfi na Los Angeles, a duba siffar tsakuwar ko ta cika fale-fale, sannan a gwada ko silikar da ke ciki tana faɗa da siminti. In ya tsallake duka, ka samu kaya na biyu. In ya faɗi a kankare, wataƙila ya yi a shimfiɗar hanyar cikin mahaƙarka ko cike ramin da kuka gama, matuƙar ruwan da ke bi ta cikinsa ba ya fitowa da tsami. Tsohon tsibin nan kuwa a gwada shi daban, don ya daɗe yana shan ruwa da rana.

Tsohon Injiniya ya ƙara da cewa:

Malama ta faɗi gaskiya, kuma ni ne ya kamata in ambata tun farko. Ƙari ɗaya kawai, Malam: saitin da zai ba ka kuza mafi yawa da wanda zai ba ka tsakuwa mafi tsabta hanya ɗaya suke bi, wato a matsa wa injin ya riƙa kama duk dutsen da ya nuna ko ɗigo. Sai dai hakan yana ƙara yawan abin da za ka ɗauka zuwa niƙa, sawu 6 ɗin nan ya koma 7. Ka nemi masu gwajin su yi maka saiti 3 daban-daban, kowanne da nauyin abin da aka jefar da yawan kuzar da ta bi shi. Kuma ka fara tambayar haya na wata 6 a kan tsohon tsibin kafin maganar saye, tunda shi an riga an haƙo shi, ba za ka kashe kuɗin fasawa a rami ba. In ka tankaɗe lodin gobe, kawo mana alƙaluman nan mu sake lissafin tare.